Abin da ya toshe rariyar famfo a wani dam na kudancin Kano: nazarin aikin nutso da gano soson ruwa

A tsakiyar watan Janairu, daidai lokacin da alkama ke fitar da kai, wata ƙungiyar manoman rani da ke jan ruwa daga wani ƙaramin dam na ƙasa a kudancin jihar Kano ta ga ruwan famfonta ya ragu ƙwarai. Dam ɗin yana cikin jerin ƙananan madatsun da suka yawaita a jihar tun zamanin Audu Bako, zamanin da aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974. Injin na dizal ne, bututun shan ruwansa na ƙarfe mai faɗin inci shida, an shimfiɗa shi a ƙasan dam kan tubalan siminti, tsawonsa kamar mita 20, bakinsa mai rariya yana zurfin mita huɗu. Makaniki ya kwance famfon bai ga abin da ya karye ba, sai ƙananan ramuka a jikin farfela da wata ƙara ƙaf-ƙaf idan injin ya ɗauki zafi. Wannan alamar famfon da ke tsotsa ba ya samun ruwa ce: matsi ya faɗi a bakin farfela, ruwa ya riƙa yin kumfar tururi, kumfar ta riƙa fashewa tana cin ƙarfe. Ke nan matsalar tana can ƙasa.

Wani matashin masunci ya nutsa da numfashinsa ya ɓantaro ɗan abin da ya lulluɓe rariyar. Kore ne, da kaushi, yana marmashewa a hannu, ga ƙarni. Aka ce gansakuka ce, har wasu suka kawo shawarar a zuba maganin kashe ciyawa a bakin bututun. Wanda ya goge guntun da hannu bayan ya bushe kuwa ya kwana yana susa. Gansakuka ba ta marmashewa, ba ta kuma sa irin wannan ƙaiƙayi, shi ya sa aka nemi masu nutso da tukunyar iska su sauka su gani, tare da wani mai ilimin halittun ruwa da zai karɓi samfur. Ciro bututun gaba ɗaya zai tsayar da ban-ruwa na kwanaki, alkama kuma ba ta jure ƙishi a wannan matakin.

Shirin da aka yi kafin kowa ya jiƙa ƙafa

Mutum huɗu ne: mai nutso ɗaya a ruwa, mai riƙe igiyarsa a kwale-kwale, mai nutso na biyu a zaune cikin kayansa don ko-ta-kwana, da mai kula da agogo da rubutu. A ruwan da ba a gani sosai, igiya ta fi abokin iyo amfani, domin abokin da ke nesa da kai da mita biyu daidai yake da babu. An tsayar da alamun igiya tun a tudu, ja ɗaya lafiya, ja huɗu a fito da ni, aka maimaita su har kowa ya haddace.

Aka fara da gaida sarkin ruwa. Wannan ba ladabi kawai ba ne, domin shi ya san inda aka kafa kalli da mamari, da inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke, da ko an taɓa ganin kada a wajen. Ya sa aka kwashe duk wata koma da ƙugiya a kewayen bututun tun daren jiya, ya kuma hana jefa birgi a gefen har a gama. Zaren kalli na roba ba ya ganuwa a ruwa, kuma wurin da ya fi kamawa shi ne kan tukunyar iska, bayan wuya, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Kowane mai nutso ya ɗauki abin yanka biyu, almakashi a ƙirji da wuƙa a ƙugu.

Haɗarin da ya fi kowanne a irin wannan aiki shi ne tsotson bututu. Bakin bututu mai inci shida yana da faɗin fili kusan santimita murabba'i 182. Idan famfo na aiki kuma bambancin matsi ya kai rabin bar (bar ma'aunin matsi ne), ƙarfin da zai manne hannu ko cinya a bakin ya ɗan haura kilo 90, kuma da zarar an kankare abin da ya toshe rariya ruwa zai kwararo da ƙarfi lokaci guda. Kashe injin bai wadatar ba, domin wani na iya zuwa ya tayar da shi bai san da mutum a ƙasa ba. Aka cire hannun tayar da injin aka ba mai kula da agogo ya zauna a kansa. Aka kuma tabbatar ƙofar sakin ruwa ta dam ɗin a rufe take, aka sa mutum a wajen. Rami mai faɗin santimita 30 a zurfin mita uku yana ja da ƙarfin da ya haura kilo 200, kuma ba a jin jansa sai an zo dab da shi.

Iskar tukunya daga kwamfaresar iskar numfashi aka ɗura ta, mai matatar da ke cire mai da danshi, an kuma ajiye bakin shaƙarta ta inda iska ke busowa, nesa da hayaƙin janareto. Kwamfaresar mai faci ba ta yi ko kusa: tana tura tururin mai, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi ba ta da wari, sai dai mutum ya ji ciwon kai ko ya suma a ƙasan ruwa. Tukunya mai lita 12 a kan bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Idan aka ware bar 50 na ajiya, saura lita 1,800. Mai aiki a zurfin mita huɗu yana shan kusan lita 34 a minti, wato iskar za ta kai minti 50 da 'yan kai, amma aka ƙayyade kowace sauka a minti 30. An ajiye tukwanen a inuwa, domin duk digiri ɗaya na zafi yana ƙara kusan kashi biyu cikin uku na bar.

Wanda ya koyi nutso a teku yana bukatar gyara abu biyu a nan. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga jiki ba, saboda haka mai nauyin kilo 90 da kayansa zai rage dalmar da yake ɗaurawa don ya nutse da kusan kilo biyu. Sannan yankin Kano yana sama da teku da kusan mita 500, kuma duk nutson da ya haura mita 300 ana lissafa shi a matsayin nutson tudu, a saita kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu a kan haka. A zurfin mita huɗu ciwon kumfar jini, wanda ke kama mai nutso idan matsi ya ragu masa da sauri iskar da ta narke a jininsa ta yi kumfa, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne huhu: daga mita huɗu zuwa sama iskar ƙirji tana kumbura da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma wanda ya firgita ya riƙe numfashi ya taso zai iya yaga huhunsa. Don haka aka ajiye tukunyar oksijin a kwale-kwale.

Saura tsargiya. A ɗauka cewa duk ruwan da ke kwance a wannan yanki yana da katantanwar da ke ɗauke da ita. Aka sa cikakkiyar rigar roba mai kaurin milimita uku da safar hannu da hula, aka shiga daga kwale-kwale a tsakiyar ruwa maimakon ratsa ciyawar gaɓa inda katantanwa ta fi yawa, aka kuma tanadi ruwan rijiya da sabulu da tawul don wanka da goge jiki nan take.

Abin da aka gani a ƙasa

Janairu lokaci ne mai kyau, domin lakar damina ta kwanta. Duk da haka faifan gwajin haske, mai faɗin santimita 20 da fari da baƙi, ya ɓace wa ido a ƙasa da mita ɗaya da rabi. Mai nutso ya bi bututun da hannu daga gaɓa zuwa rariya, yana tsayawa duk bayan mita biyu ya ɗora firam ɗin roba mai santimita 25 kowane gefe, ya ɗauki hoto, ya rubuta da fensir a allon roba. Saukar farko rabinta ta lalace saboda bugun ƙafa irin na teku, sama da ƙasa, ya tayar da laka har kyamara ta daina ganin komai. A sauka ta biyu aka koma bugun kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa a sama, aka kuma riƙe tocila a gefe maimakon kusa da kyamara, don kada hasken ya dawo daga ƙurar ruwa ya cika hoton da fararen ɗigo.

Halittu iri uku ne a jikin ƙarfen. A mita na farko, inda rana ke kaiwa sosai, gansakuka ce ta gaskiya, zare-zare mai santsi, tana bin motsin ruwa. A ƙarƙashin tubalan akwai wasu siraran bututu masu reshe, ruwan ƙasa-ƙasa, manne da siminti, waɗanda idan aka tsaya cik aka haska za a ga 'yan gashi sun fito daga bakinsu, da an taɓa su kuma su shige. Waɗannan ƙananan dabbobi ne na rukunin Bryozoa, su ma suna toshe bututu, amma a nan ba su da yawa. Na uku shi ne mai laifin: ɓawo mai kaurin santimita ɗaya zuwa uku, ba ya motsi, ba ya janyewa idan an taɓa shi, fuskarsa cike da ƙananan ƙofofi, da wasu manyan ƙofofi jefi-jefi masu faɗin da bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya rufe mafi yawan ramukan rariyar, ya kuma leƙa cikin bututun iyakar inda tocila ta kai.

Gwajin da ya raba gardama mai sauƙi ne. Aka cika sirinji da kalar abinci, aka fesa kaɗan a gefen ɓawon ba tare da taɓa shi ba. Cikin 'yan daƙiƙu kalar ta shige jikinsa, sai ga ta tana fitowa siririya daga manyan ƙofofin. Tsiro ba ya haka: ɓawon nan soson ruwa ne. Soson ruwa dabba ce ta rukunin Porifera, ba ta da baki ko ciki, sai hanyoyin ruwa da ɗakuna cike da ƙwayoyin halitta masu bulala da ke kaɗa ruwa, su tace ƙwayoyin bakteriya da sauran ƙananan abinci. Wannan ne ma dalilin da ya sa bakin famfo ya zame mata gida: ga ƙarfe mai tauri na kamawa, ga ruwa na wucewa kullum ɗauke da abinci, ga shi tubalan sun ɗaga ta daga lakar da ke toshe mata ƙofofi.

A allon rubutu mai nutso ya sa iri biyu, kore a saman bututu da fari-fari a ƙarƙashinsa. Daga baya madubin likita ya nuna abu ɗaya ne. Koren ba nata ba ne, na wasu ƙananan tsirrai ne masu ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin jikinta inda haske ke kaiwa. A duhu tana rayuwa lafiya ba su. Wannan kuskure ne da ake yawan yi har a teku, inda mafi yawan nau'o'in soso kusan 9,000 da aka sani suke, na ruwan daɗi kuwa ba su wuce 250 ba ko kusa da haka. Launi da siffa suna canzawa da haske da ƙarfin igiyar ruwa, saboda haka hoto kaɗai ba ya ba da suna, ko a Bahar Maliya inda ake gani tar har mita 20 ko fiye.

Minjirya ce ta sa aka gajarta sauka ta biyu. Tana kwance a lungun da ke tsakanin tubali da bututu, kuma babbarta tana iya bugu da ƙarfin da ya kai bolt 350. Ba kasafai bugun kansa ke yin illa mai tsanani ba, firgitar da ke sa mutum ya harba sama ita ce matsalar. Ƙa'idar ita ce kada hannu ya shiga inda tocila ba ta riga shi ba. Ban da ita an ga karfasa na kiwo a jikin gansakuka da ƙurungu biyu a ƙarƙashin rariya.

Daga samfur zuwa suna

A nan aka fi ɓata lokaci. Samfurin farko an yanko shi ne daga saman ɓawon, aka bar gindin manne da ƙarfe. Ga soson ruwan daɗi gindin nan shi ne komai, domin a can ake samun ƙwayoyin ajiya da masana ke kira jemul, 'yan dunƙule masu tauri, launin rawaya zuwa ruwan ƙasa, faɗinsu kusan rabin milimita. Su ne ke tsallakar da dabbar lokacin fari ko sanyi, kuma allurorin da ke jikin ɓawonsu su ne babbar shaidar jinsi. Dole aka sake sauka, aka sa wuƙa a kwance aka kankaro har tsatsa, guntu uku masu faɗin santimita uku, daga sama da ƙasa da kan rariya, kowanne a robarsa tun a cikin ruwa. Idan aka haɗa su a jaka ɗaya allurorin wani suna shiga wani. A tudu aka raba kowane guntu uku: ɗaya a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, ɗaya a mai kashi 95 ko za a bukaci gwajin ƙwayar gado, ɗaya aka shanya a inuwa. Takardar shaida da fensir ake rubuta ta a jefa cikin kwalbar, domin etanol yana wanke biro. Ba a sa fomalin ba saboda yana lalata ƙwayar gado.

Ƙashin wannan dabba ƙananan allurai ne na silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, su ne kuma suka shiga fatar wanda ya yi ta susa. Fitar da su ba ya bukatar babban ɗakin gwaji. A sa guntu kamar rabin santimita a kwalbar gwaji, a zuba ruwan bilic na wanki irin su Jik ko Hypo ya rufe shi, a bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya har naman ya narke. A cika da ruwa mai tsabta, a jira aƙalla minti 15 allurorin su kwanta, a zuƙe ruwan sama da sirinji a hankali. A maimaita sau uku ko huɗu, na ƙarshe da etanol, a ɗiga a gilashin madubin likita a bar shi ya bushe. Wanda ya yi gaggawar zubar da ruwan sama zai zubar da ƙananan allurorin, waɗanda su ake nema, domin sun fi jinkirin kwanciya. Wanda bai ɗauraye sosai ba kuma zai ga gishirin bilic ya daskare a gilashi da siffofi masu tsini, ya ɗauka allurai ne. Jemul ana tsince su daban da bakin allura a yi musu nasu gilashin.

A ƙarin girma sau 100 aka ga manyan allurai masu santsi, masu ɗan lanƙwasa, da tsini a kowane gefe, tsawonsu kusan rubu'in milimita. A sau 400 aka duba na jemul: gajerun sanduna ne masu ƙaya-ƙaya. Da jinsin Ephydatia ne, da an ga sanda mai faifai a kowane kai. Da Spongilla ne, da an sami wasu ƙananan allurai masu ƙaya warwatse cikin naman jiki, amma babu su a gilashi ukun. Ga shi kuma jemul ɗin a jere suke, shimfiɗe manne da ƙarfe. Waɗannan alamu uku sun karkata ga jinsin Eunapius na dangin Spongillidae, wanda aka san yana ruwayen Afirka. A rahoto aka tsaya a sunan jinsi, kuma daidai ne a tsaya nan, domin raba nau'i da nau'i yana bukatar awon allurai da yawa da madubin lantarki da idon ƙwararre. Da samfurin na teku ne da an ƙara mataki ɗaya, a ɗiga asid mai rauni a gani ko allurorin za su yi kumfa su narke, domin akwai rukunin da allurorinsa na alli ne, akwai kuma irin soson wanka na tekun Bahar Rum, Spongia officinalis, wanda ba shi da allurai sam sai zare mai laushi. 

Abin da sunan ya canza

Maganin kashe ciyawa ba don dabba aka yi shi ba, kuma da an zuba, ruwan da shanu ke sha ake kuma kama kifi a ciki ne zai gurɓata. Yi wa bututun inuwa, wanda zai rage gansakuka, ba zai dame ta ba. Kankarewa a cikin ruwa tana buɗe rariya na ɗan lokaci, kuma ita aka yi a ranar don ceton alkama, da burushin waya, aka riƙa tara ɓawon a buhu ana fitarwa. Amma ba magani ba ce. Jemul ɗin da suka rage a lungun walda za su tsiro, guntayen da suka tarwatse ma suna iya kamawa a wani wuri. Tun 1907 wani masani a Amurka, H. V. Wilson, ya nuna cewa ko an tace soso ta ƙyallen siliki ƙwayoyinsa suna sake haɗuwa. Shanya rariya a rana kaɗai ma ba ta isa, tunda jure bushewa shi ne aikin jemul.

Gyaran da aka ba da shawara na maƙeri ne. A yanke ƙarshen bututun a sa mahaɗi mai noti da guntun tiyo mai ƙarfi, yadda za a iya ɗago rariya da igiya daga kwale-kwale ba sai an nutsa ba. A ƙera rariya biyu, jimillar ramukan kowacce ta ninka faɗin bakin bututu sau uku zuwa huɗu, a riƙa musanya su. Wadda aka ciro a goge ta tana jiƙe har sai ƙarfe ya fito, da safar hannu da tabarau, sannan a kwarara mata tafasasshen ruwa ko a bi ta da wuta. A bushe ba a gogewa, domin ƙurar allurorin tana shiga ido da hanci. Idan sun shiga fata, a busar da wurin a manna salatif a ɗaye, kada a murza. A ɗaga rariyar aƙalla rabin mita daga laka. A sa agogon matsi a bututun shan ruwa kusa da famfo, a yi alama a inda allurarsa ke tsayawa ranar da rariya take fes, duk ranar da ta gota sosai a san lokacin musanya ya yi, tun kafin farfela ta fara ƙara. Na cikin bututun kuwa sai ƙarshen rani, idan ruwa ya ja baya, a kwance shi a tura burushi mai igiya.

Soson da ke jikin duwatsu da kututture an ce a bar shi, tace ruwa yake yi kuma ba ya tare wa kowa hanya. An kafa ƙusa mai lamba a wurare uku a jikin tubalan don a dawo a ɗauki hoto da firam ɗin nan a wuri ɗaya, sau ɗaya kafin damina, sau ɗaya bayan ruwa ya washe, a san saurin dawowarsa. An gaya wa masu nutson kada su hau jirgin sama ko su kama hanyar Jos, wadda ke sama da teku da kusan mita 1,200, sai bayan awa 18, don gudun ciwon kumfar jini, tunda sun yi sauka fiye da ɗaya. Duk wanda ya shiga ruwan, har da matashin masuncin, zai je gwajin tsargiya bayan mako shida zuwa takwas, ko ya ga jini a fitsari ko bai gani ba.